Sunan Aro

Selina ta juyo da fuskar kwamfutar yadda zai gani, ta ɗora bakin biro a kan wani layi, ta ce, "Malam Tahir, Allah ya jiƙanka. Nan an rubuta ka rasu tun shekara huɗu da suka wuce."

Da dariya ta faɗa. 'Yar Jos ce, ta shekara goma tana nema wa mutanenmu rancen sayen gida a wannan ɗan ofishi na Hyattsville a Amurka, kuma ta ga kurakurai iri-iri a rahoton kiredit, takardar nan da bankuna ke dubawa su san yadda mutum yake biyan bashi. Tahir ya yi ƙoƙarin taya ta dariyar, bai samu ba.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Sauran rahoton tas yake, bai taɓa makara da biyan kuɗin mota ko na haya ba. Layi ɗaya ne ya ɓata shi: ragowar kuɗin asibiti na shekarar 2007, tiyatar ƙoda, dala dubu goma sha huɗu da inshora ba ta biya ba. Kamfanin karɓar bashi ya bi kuɗin wata da watanni, sannan ya rufe maganar ya rubuta cewa mai bashin ya mutu. Banki kuwa ba ya ba mamaci rance. Ta tambaye shi ko an taɓa kwantar da shi a asibiti. Ya ce bai taɓa kwana a gadon asibiti ba tun da ya zo ƙasar nan, kuma gaskiya ya faɗa.

Sai fuskarta ta washe. Da farko ta zaci haɗa shi aka yi da wani, don rabin masu zuwa wurinta ɗaya ga Janairu aka rubuta musu ranar haihuwa. Amma lambar shaidar da ke kan bashin tasa ce, tsohon adireshi ma nasa ne. To, wani ne ya saci sunansa. Ta zaro fom biyu. Na farko na shaida cewa yana raye, wannan ba wuya, sai dai da zarar ya tashi daga matattu bashin ma zai tashi tare da shi, makinsa na kiredit ya faɗi, banki ya janye. Na biyu rantsuwa ce a gaban mai hatimi, haɗe da rahoton 'yan sanda, cewa wani ya yi amfani da sunansa ba da saninsa ba. In ya kawo wannan, cikin 'yan kwanaki za a goge layin, ya karɓi makullin gidan da zai saya a Manassas ƙarshen wata.

"In ban yi rantsuwar ba fa, Madam?"

"Sai ka jira ya cika shekara bakwai ya goge da kansa. Saura biyu. Gidan dai ba zai jira ka ba, farashi ma ba zai jira ba." Ta dube shi ta saman tabarau. "Me zai hana ka? Ɓarawo ne fa, ba ɗan'uwanka ba."

Ya ninke takardun ya fito. A mota bai tayar da inji nan da nan ba.

Imoro ne ya faɗo masa a rai, mutumin Kumasi. Sun yi shekara uku a ɗaki ɗaya kafin Tahir ya kawo iyalinsa. Shi ya tarbe shi lokacin da bai san kowa ba, ya koya masa hawa jirgin ƙasa, ya riƙa dafa musu wake da shinkafa irin ta Gana yana yi masa tsiya cewa 'yan Zariya ba su san yaji ba sai Larabci. Takardun zaman Imoro sun ƙare tun tuni, yana wankin kwanuka a ɓoye. Ranar da ciwon ƙoda ya kayar da shi a banɗaki, ya ƙi asibiti, ya ce ana rubuta sunansa za a zo a kwashe shi. Tahir ne ya zaro katin inshorarsa na wurin aiki ya cusa masa a aljihu. Sau uku Imoro yana mayar masa. A sashen gaggawa ma Tahir ne ya amsa tambayoyin, domin Imoro ba ya iya magana. Kwana tara ana kiran Mista Tahir, su biyu suna waiwayawa. Aikin bai yi ba. Aka yi karo-karo a masallaci aka saya masa tikiti, ya koma Kumasi, ya cika a hannun mahaifiyarsa bayan wata biyar.

Wasiƙun kamfanin sun yi ta zuwa, waya ta yi ta bugawa, sai wata rana komai ya ɗauke. Tahir bai taɓa tambayar dalili ba. Yanzu, a zaune cikin mota, ya gane cewa bai so ya sani ba ne.

Ya tarar da matarsa Ramla a falo tsakanin kwalaye. Tun mako biyu ta fara naɗe kaya, ta rubuta a jikin kowane kwali ɗakin da zai shiga. Katifar 'ya'yansu mata biyu tana jingine da bango, inda ake ɗaga ta kullum da safe don a samu wurin zama. Ya ba ta labarin a tsaye. Da ya zo kan maganar mutuwa sai ta zauna a kan kwali, ta rufe baki da hannu.

Ita ce. Wata rana yana wurin aiki suka kira, karo na uku a yini ɗaya, tana goyon ƙaramarsu, Turancinta kuma bai nuna ba a lokacin. Ta ce musu su ji tsoron Allah, mutumin da aka yi wa aikin ya mutu, an binne shi. Matar da ke kan layi ta ba ta haƙuri, shi ke nan ba su sake kira ba. Ita a ganinta gaskiya ta faɗa, har ta ji daɗin ta sauke wa mijinta wani nauyi.

Bai yi mata faɗa ba. Ya nuna mata fom na biyu. Ta karanta a hankali, yatsa yana bin layi, ta nuna masa gurbin da ake tambaya ko ya san wanda ya aikata. Ta ce ai ana iya barinsa babu komai.

"Baban Aliyya, ba sai ka rubuta sunansa ba. Wa zai je Kumasi ya tone shi? Shi da kansa, da yana da rai, da ya ce ka sa hannu. Ka san halinsa."

"Na sani. Shi ya sa."

"Shekara tara muna tari. Aliyya ta fara girma, a falo take canja kaya."

Duk abin da ta faɗa haka yake. Mamaci ba ya zuwa kotu, mahaifiyar Imoro ba za ta taɓa ji ba. Ya ce mata kawai shi ne ya cusa masa katin, sau uku yana ƙi. Ta ce to ya je ya faɗa musu haka. Suka dubi juna. Dukansu sun san abin da hakan ke nufi: kamfanin inshora ya biya kusan dubu tamanin bisa ƙarya, takardarsa ta zama ɗan ƙasa kuma tana kan tebur ana dubawa. Ramla ta tashi ta shiga kicin, ya ji ta buɗe famfo ba ta wanke komai.

Ƙarfe biyu yake karɓar aiki. Bas ɗin wani otal yake tuƙawa, daga otal zuwa filin jirgi, ya dawo. Ya isa da sauran rabin awa, ya zauna a kujerar direba ya shimfiɗa takardun a kan sitiyari. Abin da ya fi cin ransa shi ne duk inda ya juya ƙarya ce. In ya ce an sace sunansa, ya yi ƙarya. In ya ce shi aka yi wa aikin, ya yi ƙarya. Gaskiyar ba ta da gurbi a fom ko ɗaya. Ya tambayi kansa ko tsoron Allah ne ke riƙe hannunsa ko girman kai ne, ko adalci ne 'ya'yansa su biya kuɗin alherin da ba a shawarce su ba. Ƙarya ɗaya dai a kan mamaci za ta faɗi, ɗayar a kan gidansa, kuma gidansa suna da bakin da za su yi masa ƙorafi har ya tsufa.

Ya cika fom na farko, ya sa hannu. Na biyun ya tura shi ƙarƙashin kujera. Sannan ya kira lambar kamfanin karɓar bashin.

Wata dattijuwa ce ta ɗauka, mai sanyin murya. Ya faɗi sunansa da lambarsa, ya ce an rubuta ya mutu, bai mutu ba, bashin kuma nasa ne. Ta yi 'yan danne-danne, ta ba shi haƙuri sau biyu, ta ce ba kasafai ake kiransu da irin wannan ba. Suka daidaita a kan dala ɗari biyu da hamsin duk wata. Har za ta ajiye, sai ta ce ta ga abin da aka rubuta na ciwon, mijinta ma ƙoda ce ta tafi da shi, ta ji daɗi ƙwarai da shi ya tsallake. Ta tambaye shi yaya jikin yanzu.

Fasinjoji sun fara taruwa a ƙofar otal da akwatunansu. Tahir ya ba ta amsar da ake bayarwa a gida ko da majinyaci yana gargara.

Ya ce da sauƙi.