Kada Ku Yi Mini Kiɗan Gawa

"Ajiye jakar nan, Mis Odile. Ba ki taɓa ɗaukar mini ƙaho ba, kuma ba yau za ki fara ba."

Odile ba ta ajiye ba. Ta sauko da jakar daga baranda, ta tsaya bakin titi tana kallon maƙwabcinta yana biyo ta a hankali, hannu ɗaya a kan ƙarfen matakala, ɗaya riƙe da 'yar tukunyar iskar da aka haɗo shi da ita daga asibiti. Farar kwat ɗinsa ta yi masa yawa kamar ta aro.

"Kai da kanka ma da ƙyar kake ɗauka," in ji ta. "Taho, tsoho, mai tasi ba zai wuni yana jiranka ba."

Gida ɗaya ne aka raba da bangon katako a unguwar Treme ta New Orleans, ita a hagu, Clovis Duplessis a dama. Tun 'ya'yanta suna rarrafe take jin saksofon ɗinsa, wanda shi da abokan sana'arsa ba sa kira da komai sai ƙaho. Ya yi busa a jiragen kogi yana saurayi, ya zaga Turai da makaɗan jaz, ya dawo ya zauna. Kowace Lahadi da la'asar shi ke jan kiɗa a tsohon gidan kiɗan nan na bayan kasuwa, har ciwon huhu ya kwantar da shi. Likita ya gaya masa gaskiya, shi ma bai ɓoye wa kowa ba. Abu ɗaya ya rage masa: ya busa waƙa guda daga farko har ƙarshe, a tsaye, ba tare da kowa ya ji tausayinsa ba.

A cikin mota ya ce, "In na faɗi, kada ki yi mini kuka gaban mutane."

"Ni? Sai in ce a janye ka gefe a ci gaba."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ba ta bubbuga masa baya ba. Ta san ba ya so.

Gidan kiɗan yana nan yadda kakanni suka bar shi: bencina, bango mai ɓarewa, fanka tana juyawa kamar an tilasta mata, hotunan makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya jere har kusa da rufi. Wurin ya cika, don labari ya zaga unguwa. Hosea mai ganga, ƙaton mutum da suka taso tare da Clovis, ya taso ya rungume shi a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai.

"Ɗan'uwa, ka yi kyau. Kamar ango."

"Ango?" Clovis ya dube shi sama da ƙasa. "Tun muna yara tsohon bunsuru kake ce mini. Yau kuma me ya faru?"

Hosea ya kau da kai, ya koma bayan gangunansa.

Clovis ya cire robar iskar daga hancinsa ya miƙa wa Odile, wadda ta zauna a bencin gaba ta ɗora tukunyar a cinya. Ya rataya ƙahon a wuya. Ya faɗi sunan waƙar, tasa ce, mai zafi, wadda ba a jin ta a zaune.

Amma Hosea ya ɗauko ta a sanyaye. Ya ajiye sandunan kiɗa ya ɗauki 'yan tsintsiyoyin waya, yana shafa fatar ganga kamar mai lallashin jariri. Mai fiyano ta bi shi. Nufinsu su sauƙaƙa wa tsoho. Sai dai a garin nan ko yaro ya san lokacin da ake irin wannan kiɗan: lokacin da ake raka gawa maƙabarta. Wasu maza suka cire huluna kamar yadda ake yi in gawa za ta wuce, ba su ma san sun cire ba.

Clovis ya sa ƙaho a baki ya bi su. Sautin farko ya fito da kauri, irin wanda Odile ta sani. Ya ja shi, ya ja shi, sai ya karye a tsakiya. Tari ya biyo baya. Wata mata a bayan Odile ta ce, "Allah sarki, bawan Allah."

Odile ta ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ba ciwo ba ne. Ta taɓa ganin haka ranar da wani ya jingina keke a kan jakar ƙahonsa.

Ya sauke ƙahon. Kiɗa ya tsaya.

"Hosea."

"Na'am, ɗan'uwa."

"Wa ya mutu?"

"Haba, Clovis. Cewa na yi in sassauta maka."

"Kai da ka tsufa a bayana, har yau ba ka san sanyin kiɗa shi ke cin numfashi ba? In ka ja, dole ni ma in ja, ni kuwa ba ni da abin ja. Ka ba ni shi da zafi in yanka gajere-gajere." Ya tsaya ya shaƙi iska. "Wancan kuwa adana shi. Za ka yi mini shi kwanan nan, kuma ranar ba zan yi maka gardama ba."

Hosea ya juyo ya dubi Odile, kamar ita za ta yanke hukunci.

"Me kake kallona?" in ji ta. "Ni ce mai ganga?"

Dariya ta ɓarke. Masu huluna suka mayar da su kai. Clovis ya buga ƙafa a katako don nuna saurin da yake so, Hosea ya jefar da tsintsiyoyin ya kama sanduna.

Wannan karon ba wanda ya raga wa kowa. Clovis yana jefa sauti gajere, mai kaifi, ya yi shiru ya saci numfashi, Hosea ya cike gurbin da ganga, shi kuma ya dawo ta inda ba a zata ba. Shirun ma ya zama kiɗa. Matar da ta ce Allah sarki ita ta fara miƙewa, tana kaɗa farin hankici sama. Bencina suka koma jikin bango. Gumi ya jiƙa farar kwat, Odile tana gani, ta riƙe robar iskar tamau ba ta motsa ba. Ya zagayo da waƙar ya kawo ta gida, ya rufe da sauti ɗaya, gajere, kamar an rufe ƙofa. Yana tsaye.

Sai da tafi ya lafa Hosea ya leƙo ta saman ganguna, idanunsa jajir.

"Ka makara a shiga ta biyu, tsohon bunsuru."

"Yanzu ka yi magana," in ji Clovis. Ya miƙa wa Odile hannu ta ba shi robarsa.

Ranar Litinin Odile ta dafa jan wake da shinkafa kamar kowane gida a layin, ta kai wa Clovis. Ya ci kaɗan, ya ce gishiri ya yi yawa. Ta ce gobe ya dafa nasa.

Ranar Laraba da hantsi ta lura ba ta ji tarinsa ba tun da ta tashi. Ta goge hannu ta zaga. Ƙofa a buɗe take. Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, ya yi aski, ya sa riga mai guga, kansa ya ɗan karkata. Ta kira sunansa sau ɗaya. Ta taɓa hannunsa, ta yi alamar gicciye, ta rufe masa ido. Ta buga wa Hosea waya ta gaya masa ba tare da kwana-kwana ba, sannan ta jawo kujera ta zauna jira.

A kan taga akwai kofin gilashi da ruwa rabi. A ciki ya jiƙa ɗan siririn karan nan da ake ɗaura wa bakin ƙaho kafin a yi busa. Rana ta shigo ta cikin ruwan, karan yana tsaye a karkace, 'yan kumfa sun taru a jikinsa.