Ɓeraye Biyu da Ɗakin Vernon

A kan teburin kicin suka ƙulla yarjejeniyar, Vernon Pawlak da matarsa Darlene.

"Ranar da Mabel da Pickle suka mutu, an gama kiwon ɓera a gidan nan," in ji Vernon. "Ɗakin baya ya zama nawa. Talabijin, kujera, ƙofa a rufe."

"Na yarda, tsoho. Amma in ɗaya ta riga ɗaya da nisa, ka san doka. Ɓera ba ya zama shi kaɗai. Sai na kawo wa wadda ta rage ƙanana biyu."

"Don me biyu?"

"To ƙaramar da wa za ta yi tsalle-tsalle? Da kai?"

Wannan dokar ce ta cinye wa Vernon ɗaki tun yana tuƙin bas a Toledo har ya yi ritaya. Ɓera ba ya daɗewa a duniya, amma a gidan Pawlak ba ya ƙarewa: ɗaya ta mutu, biyu su shigo. Yanzu saura tsofaffi biyu sa'o'in juna. In suka tafi kusa-kusa, ɗaki ya samu.

Ba a jima ba ƙari ya fito wa Mabel a hammata. Darlene ta zauna kuka, Vernon kuwa ya zauna tunani. In Mabel ta mutu yanzu, Pickle lafiyarta ƙalau, sabuwar zuri'a ke nan. Mutumin da bai taɓa yarda jelar ɓera ta taɓa shi ba ya sunkuci keji ya nemi makullin mota.

"Ka tambayi likita ko a hana ta abinci kafin aikin tiyata," Darlene ta ce. "In ya ce e, ɗauko ta ka fito. Ɓera ba ya amai, ba a sa shi azumi kamar kare."

Asibitin farko na karnuka da kyanwoyi ne. Matar da ke karɓar baƙi ta leƙa kejin ta ja kujerarta baya.

"Yallaɓai, kama ta ka yi ko taka ce?"

Likita na biyu ya karɓe su da fara'a, ya juya baya yana latsa waya, sannan ya ce a hana ta abinci tun dare. Vernon ya ɗauki kejinsa. Na uku ya rage murya, irin ta maza da maza.

"Kantin da ke sayar da abincin macizai yana da irinta fara sol. Musanya ta kawai, uwargida ba za ta gane ba."

Shawarar ta shige Vernon. Sai ya tuna wadda zai sayo yarinya ce, sai ta binne Pickle ta zauna jiran ƙanana.

A wani ƙaramin gari can cikin gonakin masara ya sami Dokta Ostrander. Likitar ta fara gaida Mabel kafin shi. Ta ɗora ta a sikeli, ta saurari ƙirjinta.

"A hana ta abinci?" ya tambaya.

"Kai dai a hana ka. Ita ta ci ta ƙoshi."

Aiki ya yi kyau. Jinya ta faɗo kan Vernon, don ya ce hannun Darlene rawa yake yi. Shi ke dama magani a kunun jarirai ya miƙa a cokali. Shi ke gadin ɗinki kada ta tsinke shi da haƙori. Da ta ƙi zama, ya sa ta a aljihun rigar sanyinsa suna kallon ƙwallo tare.

"Ka ga ango da amarya," in ji Darlene.

"Ɗakina nake gadi, malama."

Mabel ta warke, ta yi ƙiba, gashinta har sheƙi. Sai wata safiya aka tarar Pickle, wadda ko atishawa ba ta taɓa yi ba, ta mutu cikin barcinta.

Darlene ta share hawaye ta ce, "Ka wahala, Vern. Na yafe dokar. Mabel ta ƙarasa ita kaɗai, ɗaki naka ne."

Vernon ya auna bango, har ya zaɓi kujera. Amma Mabel ta daina ci. Ta kwanta a lungun da Pickle ke kwana, ko cokalinsa ba ta kallo. Ya kira Dokta Ostrander ya ce a canza magani.

"Ba ni da maganin wannan, Malam Pawlak. Ka san abin da take so."

Da yamma ya shigo da kwali mai huji-huji, yana ta harare-harare.

"Biyu?" in ji Darlene.

"To ƙaramar da wa za ta yi tsalle-tsalle? Da ke?"

Dokta Ostrander ta sami sababbin marasa lafiya biyu na nan gaba. Darlene ta ci riba ba tare da ta karya alkawari ba. Mabel ta koma cin abinci. Vernon ne ya rasa ɗaki, kuma har yau a kicin yake kallon ƙwallo, da ɓera a aljihu.