Hular Barau a Bakin Teku

Duk wanda ya sha ruwan Talata Mafara ya san Ɗanlami Mai Gora. Shekara da shekaru yana ƙetarar da mutane gulbin Maradun a kan gora, bai taɓa zubar da ko ɗan akuya ba. Yunwa ta zo ta tarar da shi, ta gaji ta wuce. Ambaliya ta ci gidansa, ya fito da buhun gero a ka. Ɓarayin daji suka tashi ƙauyensu, ya tako da ƙafa har Mafara da tsufansa, ko tuntuɓe bai yi ba. Irin wannan namiji ne ɗiyarsa Naja'atu, mai aikin jinya a Ingila, ta ce ya zo ya buɗe ido.

Ana gobe zai tafi ya biya rumfar Barau mahauci ban kwana. Barau abokinsa ne tun na ƙuruciya, ba sa haɗuwa sai da tsiya, sai dai ciwon ƙafa ya zaunar da shi, daga gida sai rumfa. Da suka gama gaisawa, Barau ya tuɓe hular kansa, shuɗiya, wadda marigayiya uwargidansa ta ɗinka masa da hannunta.

Ya ce, “Ungo, Ɗan Gulbi. Ni ƙafa ta hana ni, amma wagga ba ta ciwon ƙafa. Ka kai ta ta ga Turai. Kuma ka maido min abata. In ka ɓad da ita kar ka sauka Mafara, ka zarce Bakura.”

Ɗanlami ya ce, “Ni da na riƙe amanar rayuka bisa ruwa, hula ce za ta gagare ni? Sai dai a yi fatan ƙaurin kitsenka kar ya sa a tsare ni a filin jirgi.”

Ba a tsare shi ba. Wa zai tsare shi?

A Landan Naja'atu ta kai shi gidan ajiye kayan tarihi, gida guda amma ya fi kasuwar Talata girma. A bakin ƙofa ya tsaya ya gaida mai gadi yadda ya kamata, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, Naja'atu tana fassarawa tana jan hannun rigarsa saboda layin da ya taru a baya. Mai gadin har haƙoransa suka fito, da gani ya daɗe ba a gaishe shi haka ba. A ciki, duk abin da ya burge Ɗanlami sai ya cire hular ya ɗaga ta sama ta gani, Naja'atu ta ɗauki hoto ta tura wa Barau. Hula ta ga rigunan ƙarfe na mayaƙan da. Hula ta ga gawar wani sarkin Masar a naɗe. A nan Ɗanlami ya yi salati ya juyar da fuskarta, ya ce wannan ba abin kallo ba ne, a taimaka a rufe bawan Allah.

Daga nan suka hau jirgin ƙasa zuwa wani tsohon birni da ake kira Yok, mai ganuwar dutse. Dattijo ya hau ganuwa da ƙafarsa, ya bar matasan Turawa a baya suna haki. Ya duba ginin da kyau, ya ƙwanƙwasa, ya ce ba laifi, sun yi ƙoƙari. Barau ya aiko da murya ta waya: “Hular ta yi kyau. Wane ne wancan tsohon da ke ɓata mata hoto?”

Saura teku. Shi ne abin da Ɗanlami ya fi ɗoki, don ya ce duk abin da ake kira ruwa ƙanensa ne. Suka je wani ɗan gari na masunta, gidaje farare a jere, tsuntsayen ruwa suna ta kuka kamar ana yi musu rabon gado. Da suka sauka bakin gaɓa sai ga rairayi shimfiɗe, faɗi kamar fadama da rani, ruwan kuwa can nesa yana ƙyalli.

Ɗanlami ya yi tsaki. “Wanga shi ne tekun? Ai ya ƙafe.”

Naja'atu ta ce, “Baba, bai ƙafe ba, janyewa ya yi. An jima kaɗan zai dawo, duk nan da muke tsaye ruwa ne.”

Ya ɗaga kai ya dubi sama, gabas da yamma, babu ko ƙyallin hadari. Ya sunkuya ya damƙi yashi ya shinshina. Ya yi murmushi irin na manya.

“Ɗiyata, ke allura kika karanta, ni ruwa na karanta. Gulbi ba shi cika sai an yi ruwan sama a tudu. Ina hadarin?”

“Baba, wannan ba gulbi ba ne.”

“Ruwa dai ruwa ne. Je ki sawo mana kifin nan da kika ce.”

Ta roƙe shi ya jira ta a kan benci, ya ce to. Tana ba da baya ya gangara. Iska na kaɗawa da ƙarfi, kuma ɗan gulbi ba ya tunkarar ruwa da kayan aro a kansa. Don haka ya yi yadda ya saba yi a mashigin Maradun: ya sami wani baƙin dutse a tsakiyar rairayin, ya tuɓe babbar riga ya ninke, ya ɗora takalma, ya kifa hular Barau a sama, ya danne gefenta da ɗan dutse. Ya naɗe ƙafar wando ya nufi ruwa.

Bai kai inda ya nufa ba ruwan ya taryo shi. Ya ji daɗi, ya ce ko ba komai ya san girman baƙo. Sanyi kamar ƙanƙara, ya ɗanɗana ya tofar, gishiri zalla. Yana cikin wanke fuska ya ji ruwa a gwiwa. Ya ja da baya, ruwa ya biyo shi. Ya ƙara ja, ruwa ya riga shi. Nan fa ya ɗaga ƙafa. Ba gudu ya yi ba, sauri ne. Sai da ya taka busasshen yashi ya waiwaya, ya nemi baƙin dutse ya rasa. Can ya hango wani abu shuɗi yana lilo a kan ruwa, yana yin gaba abinsa.

“Inna lillahi! Hular Barau!”

Naja'atu ta iso da ƙunshin kifi da dankali, ta ce, “Baba, don Allah ƙyale ta, zan saya masa goma!”

“A ina za ki sawo hannun matarsa?”

Ya waiga neman gora, ina gora a Ingila? Sai ga wani ƙaton Bature kwance a kan tawul, kusa da shi wata ƙatuwar ƙwallon roba mai launi-launi. Ɗanlami ya ce masa salamu alaikum, ya sunkuce ƙwallon, ya rungume ta a ƙirji, ya yi bisimilla ya faɗa.

Jama'a, ranar Turawa suka ga aiki. Ƙirji a kan ƙwallo, hannu na sara, ƙafa na tuƙi. Bai tunkari hular kai tsaye ba, sai ya karanci inda ruwa ke janta ya yanke mata hanya. Igiyar ruwa ta ɗaga shi ta maka, ya sha gishiri ya furzar, ya ce da ita ke yarinya ce. Mai gadin gaɓa yana ta busa usur. Hula ta zo wucewa, ya cafke ta, ya kafa a kai, ya juyo.

Da ya fito, bakin teku ya ɗauki tafi. Babbar riga da takalma sun tafi, ko a jikinsa. Mai ƙwallo ya lulluɓa masa tawul yana girgiza masa hannu. Mai usur ya yi ta faɗa da Turanci, Naja'atu ta ce cewa yake kar a sake. Ɗanlami ya ce ta gaya masa ya gode da yabo. Haƙoransa suna ta haɗuwa, amma wannan iska ce, ba tsoro ba.

Naja'atu, tana dariya tana share hawaye, ta kira Barau ta waya mai hoto, ta miƙa wa babanta. Fuskar Barau ta fito, bayansa naman sa a rataye.

“Ɗan Gulbi, mi ya sami hulata take zubar da ruwa? Kuma ina rigarka?”

“Wanka na kai ta. Tun da aka ɗinka ta ba ta taɓa ganin ruwa ba sai yau.”

Naja'atu ta karɓe wayar ta zayyana masa komai, har da maganar hadari. Barau ya yi dariya har ya riƙe ciki, yana kiran mahauta su zo su ga sarkin ruwan da ruwa ya tuɓe. Sannan ya matso da fuska kusa.

“Da tsufanka ka faɗa teku saboda ita?”

“Ba ka ce in zarce Bakura ba? Wa na sani a Bakura?”

Barau ya goge ido da bakin riga, ya ce hayaƙin tukuba ne. “To kar a wanke ta. Ka kawo min ita da gishirinta.”

Ɗanlami ya gyara zaman hular, ya ja ƙunshin kifi gabansa, ya dubi teku da ya cika fal har gindin benci alhali ko ɗigo ba a yi ba.

Ya ce, “Faɗi dai akwai shi. Amma ruwan da zai cika ba sallama, ba shi da tarbiyya.”