Ƙofofi Uku a Jerin Duwatsun Zuhura

Gonar tana gangaren tudu, gabas da Keita. Fako ce a da, har Zuhura da matan unguwa suka jera mata duwatsu lokacin aikin gyaran ƙasa, ta fara ba da gero. Mijinta Attahiru yana lakwal a shekarun nan yana koya wa yara sunayen kogunan Turai. Bai taɓa ɗaukar dutse ɗaya ba.

Damina ta farko bayan rasuwarta, ya yi shuka, sannan ya zaga jerin ya tarar da giɓi uku, kowane kamar kamu ɗaya. Ya ɗauki hoton guda da salula, ya tambayi na'urar hirar nan da yake rubuta wasiƙu da ita. Ta amsa da faransanci mai tsabta, ta ce giɓi rauni ne, a toshe kafin ruwa. Kwana biyu yana toshewa, da kyau, kamar mai gyara jarrabawa.

Duk da haka bai samu sukuni ba. Ya je gona da safe, ya dawo, ya sake komawa da azahar. A can Biba, ƙanwar marigayiyar, ta same shi, tana ɗauke da itace.

"Mushe," ta kira shi yadda 'yan lakwal ke kiran malami, "wa ya rufe ƙofofin Yaya?"

Ya ce ba ƙofofi ba ne, ɓarna ce, kuma ya yi bincike. Ta aje itacen ta yi dariya. Ta ce ruwan tudun nan ba a tare shi gaba ɗaya, ana bar mishi hanya ya sauka gonar maƙwabcinsu Gado ta ƙasa, in ba haka ba ya taru ya ture jerin. Duk macen da ta yi dakon dutse ta san wannan.

Attahiru ya juya baya ya rubuta wa na'urar abin da Biba ta faɗa. Nan take ta ce gaskiya ne, ta yaba mishi da lura. Ya tambaye ta inda giɓin suke. Ta ba shi shawarar ya tuntuɓi wanda ya yi ginin.

Gabas ta riga ta yi baƙi. Ya bi jerin sama da ƙasa, bai gane wurin ko ɗaya ba, don ya iya toshiya. Hoton kuwa duwatsu ne kawai da ɗan yatsansa.

"Bar kallon gilashi, dubi dutse," in ji Biba. "Nata sun zauna, ƙasa ta kama su. Naka suna rawa kamar haƙorinka."

Suka bi suna girgiza duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Sun buɗe na farko iska na tashi, na biyu da yayyafi. Na uku bai samu ba. Ruwa ya sauko daga tudu ja wur, ya taru a kusurwar arewa har gwiwa, sannan ya ture jerin wajen taki goma, ya tafi da shukar da ke bayansa.

Suka fake gindin adua. Biba ta ce ba ta ga laifin na'ura ba, ita ba ta taɓa zuwa gonar ba; shi ko shekara talatin yana cin tuwon gonar.

Da ruwa ya tsagaita, ya cire takalmi ya shiga laka, ya ɗago dutse na farko. Ya tsaya da shi a hannu, yana jiran Biba ta faɗa mishi inda za ya aje.