Bargo a Kan Akwatin Sanyi

…kuma ba wayar ba ce, Auta. Na ce wa uwarki wayar akwatin ce, amma ba ita ba ce. Ga ta nan a hannuna, ja da baƙa, lafiyarta ƙalau, dalmar da na ɗiga mata ko gezau ba ta yi ba. Sai juya ta nake yi, ina hura mata iska, ina tsaki — don in uwarki ta leƙo ta taga ta ga mutum yana gyara.

Gyaran me?

Ke kina can. Gadon asibiti, ɗinkin haihuwar da ya ƙi kamewa, ɗakin da ba a shiga da jarirai. Ɗanki yana nan a bayan uwarki, kansa bai fi lemo ba, ya ƙwace min mata ya ƙwace min barci. Madarar gwangwani ba ya so. Mun gwada, mun sake gwadawa, sai ya dawo da ita ta baki ta hanci, ya yi laƙwas kamar tsumma. Nononki kaɗai. Wanda kike tatsa da hannunki a kwalba, mijinki ya ɗauko a babur da hantsi kafin ya wuce wurin aiki. Kuma dole ya kai yamma bai lalace ba, sai ya taso ya kawo wani. A wannan zafin… Wutar lantarki kuwa, kin san halinta. Firijin maƙwabta ya zama kabad, kwanuka suke jerawa a ciki.

Shi ya sa na ce, ni da na tsufa a cikin rediyo da fanka, in kasa ƙera wa jikana sanyi cikin akwati?

Abin da ke yin sanyin ɗan fale-fale ne fari, Auta, bai fi biskit ba. A cikin mataccen injin ruwan sanyi na ciro shi, irin na ofis ɗin nan, wanda aka kawo min gyara ya ƙi gyaruwa aka bar min. In aka ba shi wuta, fuska ɗaya ta yi sanyi, ɗaya ta yi zafi. Shi ke nan. Ba gas, ba ƙugi. Ban yarda ba sai da na riƙe shi tsakanin yatsu biyu — wannan yatsan yana jin hunturu, wancan yana jin garwashi. Na yi ta dariya ni kaɗai a shago, har mai faci ya leƙo ya ce, Baba, lafiya dai ko?

Kular uwarki na ɗauka. Shuɗiyar nan mai karyayyen hannu. Na yanke mata taga a gefe, na zaunar da shi a tsakiya, fuskar sanyi ciki, fuskar zafi waje. Ƙarfe mai haƙora kamar mataji a kowace fuska, farin mai a tsakaninsu kamar man goge baki, kaɗan, ba a cikawa. Na toshe gefe-gefen da farin soson da ake naɗo talabijin a ciki. Sai 'yar fankar kwamfuta a waje tana korar zafin. Batir a ƙasan benci, farantin sola a kan rufi — ni na hau, kar ki gaya wa mijinki, ya ɗauka almajirin… a'a, ya ɗauka maƙwabci ne ya hau.

Fankar nan ita ce ransa. Don shi ba sanyi yake haifa ba, zafi yake kwashewa daga ciki yana miƙa wa waje. In wajen bai karɓa ba, sai ya mayar da shi ciki, har da ƙari.

Jiya ya yi. Wallahi ya yi, Auta. Na ga raɓa ta tsattsafo a ƙarfen ciki, ƙanana-ƙanana kamar gumin hancin jariri. Na kira uwarki, ta sa hannu, ta daɗe ba ta cire ba. Ta ce, ikon Allah, Malam, ashe ba a banza kake tara mana shara ba. Yabo ke nan a bakinta, kin sani. Mijinki ya zo, muka jera kwalaben, na rufe, na ja akwatin zuwa lungun da rana ba ta kaiwa. Na tafi shago, kafaɗuna har suna…

Da la'asar na dawo.

Bargo.

Ruwan ƙasan nan, mai ƙamshin kafur. An ninka shi biyu, an lulluɓe akwatin tun daga murfi har ƙasa, an cusa bakinsa ta ƙarƙashi, kusurwa-kusurwa, babu inda iska za ta shiga ko ta fita. Irin naɗin da hannu ɗaya ne kawai ya iya shi a duniya. Fankar tana nishi a ciki. Na ɗaga, zafi ya bugi fuskata. Kwalaben da ɗumi, kamar yanzu aka… Na buɗe ɗaya na kai hanci. Na buɗe ta biyun ma, ban san don me ba, ai na riga na sani.

Bayan gida na zagaya na zubar. Ban taɓa sanin ɗan wannan abin zai yi min nauyi a hannu haka ba. Ina zubawa ina ganinki — kin jingina da filo, kin cije leɓe, ɗinkin yana ja, ɗigo, ɗigo, ɗigo… Ƙasa ta shanye nan da nan, ko alama ba ta bari ba.

Uwarki tana wanka lokacin. Na ninke bargon na mayar kan gado, yadda take ajiye shi. Da ta fito ta ce me ya faru, na ce waya ce ta saki. Ta ce, kai da wayoyinka. Ta ɗauki yaron. Ya yi kuka har muryarsa ta dishe, yana tsotson ɗan yatsanta, tana zagaya tsakar gida da shi, haƙuri maigidana, haƙuri angona, ga shi nan zuwa — har mijinki ya iso. Ba a gaya miki ba. Mun ce ya sha ya ƙoshi.

To ya zan yi, Auta? Ke ki faɗa min.

Mai ƙanƙara. Har yau haka tsofaffin layin nan suke kiran uwarki, ni ma haka. A da, da sassafe ta ɗauko dunƙulen a ka daga kamfani, ruwa yana bin wuyanta, ta sauke cikin shuɗiyar nan, buhu, sannan bargo. Wannan bargon. Ƙanƙarar kowa ta narke da azahar, tata tana kai magariba. Mata har zuwa suke su tsaya su ga yadda take naɗi. Ke kina 'yar ƙarama, kina zaune a kan murfin kina kaɗa ƙafa, da ta juya baya sai ki ɗaga — rufe! rufe min kar sanyin ya gudu! — ta kaɗe miki hannu. Ni kuma in faki ido in ɓantaro miki ɗan guntu, ki sa a kumatu, ki yi shiru, ruwa yana zuba a haɓarki yana tona mu. Da ƙanƙarar nan aka ɗinka miki kayan makaranta. Da ita aka…

Abu ɗaya da ta fi kowa sani. A kansa zan ce mata ke kika ɓata nonon 'yarki?

Kuma ba ta yi kuskure ba, ai. Ga duk wata kula a duniya ta yi daidai. Tawa ce kaɗai mai numfashi. Ni ne ban ce ba — ta ina zan tuna in ce? Wa zai ga fanka tana juyawa ya… Ita. Ita za ta gani ta ce sanyin ne yake tserewa ta nan.

Shi ya sa tun asuba nake nan da guntun bututun roba. Na ce in yi masa hanci, dogo, ya leƙo ta ƙarƙashin bargo ya shaƙi iska, ita ta yi rufinta, shi ya yi numfashinsa, kowa ya zauna lafiya. Na ɗaura. Na kunna. Jira…

Haƙoran ƙarfen sun ɗau zafi. Bari in sake taɓawa. A'a. Sun ɗauka. Iskar da ke fitowa ta bakin bututun ba ta kai hucin kyanwa ba. 'Yar fanka ce, ba ta da ƙirjin tura iska ta wannan tsawon. Cire.

In yi masa ƙafafu, ya sha iska ta ƙasa? Za ta cusa bargon har ƙarƙashi, ai na ga naɗin. In ɓoye bargon? Tana da zannuwa cike da akwati, ta rasa ta rufe da rigata. In tafi da shi shago? Yaron yana nan, yunwarsa ba ta jira a yi aike. In rufe shagon in zauna gadi? Za ta ce, Malam, yau kuma aljanun zaman gida ne suka tashi? Kuma sai na shiga banɗaki, ko ba haka ba…

Rana ta hau katanga. Mijinki yana hanya, ko ya kusa. Kwalaben suna cikin jakarsa, naɗe da tawul. Kin tatsa tun da duhu, na sani, ke ba kya son a jira ki. Tun kina yarinya. Ranar da kika fara tafiya ma ba ki jira an miƙa miki hannu ba, kika saki benci kika nufo ni, ƙarfen liƙi yana hannuna da zafinsa, na rasa inda zan jefa shi…

In nonon ya sake lalacewa yau fa? Jiya yaron ya yi kuka. Yau ko ƙarfin kukan zai samu? Ɗan wuyan nan nasa. Ba shi da abin da zai rage a jiki, Auta, babu.

To sai na faɗa. Shi ke nan. Nonon ya fi.

Mai ƙanƙara, zo ki ji. A'a, da wasa-wasa ya fara, za ta ɗauka tsokana ce. Dama shi wannan abin, ba kamar ƙanƙara ba ne… Za ta tsaya. Za ta dube ni. Tana da saurin ganewa, ba sai na ƙarasa ba, zan ga lokacin da zai isa idonta. Ba za ta yi kuka ba, da ma kukan ne da sauƙi. Za ta gyara goyo, ta shiga ɗaki. Kuma duk ranar da ta tuna kukan jiya, ta ce ni ce. Har ta mutu tana cewa ni ce. Na san matar nan tun ba ta da furfura ko ɗaya.

In ce likita ne ya hana rufewa? Wane likita ya san kular gidanmu?

Raɓar ta fara dawowa. Ga ta, ga ta… ba bututu, ba komai, iska kawai yake so. Ɗan kirki. Kai dai a bar ka ka huta, ko? Ni ma haka.

Takalminta.

Ta fito. Yaron a baya, bargon a kafaɗa. Innalillahi. To buɗe baki, tsoho. Buɗe.

Ba ta dube ni ba. Ta karkaɗe shi, ta ware, ta ɗora. Murfi, baya, wannan gefen, ta ja ta daidaita, ta zagayo inda fankar take, hannuna ya tashi da kansa zai —

Taga.

An yanke masa taga, Auta. A tsakiyar bargon, mai kusurwa huɗu, ta fi fankar faɗi, an bar sarari ta kowane gefe har haƙoran ƙarfen duk suna waje. An kalmashe bakin, an bi shi da baƙin zare, ɗinkin hannu, ƙanana, wasu sun karkace — idonta ba ya ganin allura yanzu, ni nake zura mata zare. Wa ya zura mata wannan?

Hucin fankar yana bugun ƙwaurina.

Tana cusa kusurwa ta ƙarshe, ba ta ɗago ba, ta ce, wayar taka ta gyaru?

Na ce ta gyaru.

Ta ce, to Allah ya sa. Ta gyara goyo ta wuce.

Tun yaushe? Tun da ta ga bargon a kan gado, ninkin ba nata ba? Ko ɗuminsa ta ji da ta taɓa? Tana zagaya tsakar gida jiya, haƙuri maigidana, haƙuri angona — ta sani? Ta ɗauki abin ita kaɗai, ta bar ni da wayata ina hura mata iska… Almakashi ta sa wa bargon nan. Wanda ko ke ba ta bari ki kwanta a kai.

In bi ta? In ce me?

Ko tagar za ta isa, ban sani ba. Ta yiwu ta isa. Sai yamma. Na zura hannu ta ƙarƙashin bargon cikin akwatin, akwai sanyi, ina jin akwai, ko kuwa hannun ne ya mutu…

Babur a bakin layi. Na mijinki ne? Bari dai in ɗan zauna, Auta. Kaɗan.