Gurasar Iri

A shekarar da fari ya kai mutanen arewacin Bici ga cin dusa da ganyen tafasa, dattawan ikilisiyar Unguwar Nababa suka sa Rifkatu a horo. Laifinta kuwa ta ci naman tsafi. 'Yan uwanta Maguzawa da ba su bi Almasihu ba sun yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya don roƙon ruwa, ƙaninta ya aiko mata da ƙafa guda. Kwananta uku ba ta ɗora tukunya ba. Ba ta tsaya tambayar ƙafar addininta ba, ta dafa.

Aka yanke mata zaman bencin baya shekara guda, ba ita ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da zoɓon da ake rabawa a majami'a.

Bencin bai dame ta ba, Jibin ne. Tun da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse cirani, ba mai sa hannu a ƙwarya ɗaya da ita. Ita dai abin da ta gane shi ne wanda ka ci abinci da shi ya zama naka, kuma a ranar Jibi Allah da kansa yake zama ya ci da ita. Shekara ashirin ita ke toya gurasar, ita ke dafa zoɓon.

Ranar wata Juma'a sai ga Iliyasu, babban dattijon ikilisiya, ya yi sallama.

"Inna Rifkatu, Fasto na tafe ran Lahadi, kuma duk garin babu tsaba. An ce kina da gero a tulu."

"Iri ne, Malam. Shi zan shuka."

"Wanda ya ba Allah ai ba ya asara."

"In na toya, zan ci?"

Iliyasu ya dubi takalminsa. "Allah mai jinƙai ne."

Ta ɗauka ya amsa ke nan. Ta fasa yumɓun da ta liƙe bakin tulun, ta surfa, ta niƙa a durƙushe tana hutawa, ta toya a tsohon kaskonta. Duk da ƙamshin, ko ɓarɓashi ba ta kai baki ba.

Ran Lahadi Fasto ya jingine kekensa, ya yi wa'azi mai daɗi. Ya ce Allah ƙauna ne, ya fi numfashi kusa da mutum, teburinsa kuma ba shi da ƙofa. Masu ƙoshi sun iya irin wannan magana. Aka ɗauko faifai. Maza suka riƙa gutsurar loma irin wadda ba a taɓa gani a Jibi ba, suna runtse ido wai addu'a.

Da faifan ya iso layin ƙarshe, Rifkatu ta miƙa hannu biyu. Iliyasu ya ɗaga shi sama kamar mai kare tuwo daga kaza.

"Inna, ki ji tsoron Allah. Hannunki bai tsarkaka ba tukuna."

"Hannun da ya toya?"

"Toyawa daban, ci daban."

"To ka tofar da na bakinka mana, ɗan nan. Da wannan hannun na dama shi."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya a layin mata, aka yi maza aka ta da waƙa. Ragowar gurasar, dattawa suka ce abu mai tsarki ba a barinsa ya kwana, suka cinye a bayan majami'a.

A gida ta sami ƙanzo manne a kaskon. Ta kankare da farce, ta tara a tafin hannu, ta faɗi kalmomin da ta haddace: "Wannan jikina ne, domin ku." Ta ɗan saurara ko wani zai sauko ya ɗaga mata hannu. Ba wanda ya sauko. Ta raba biyu, ta ci rabi, ta ajiye rabi a ƙwarya gabanta, ta ce, "Bismillah, ga naka."

Ran Laraba ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya fita shuka, Iliyasu ma ya tono irinsa daga inda ya binne. Gonar Rifkatu ta fitar da ciyawa kyakkyawa.

Ba ta ga kaka ba. Da za a binne ta, dattawa suka zauna suka lissafa, suka ga saura wata bakwai horonta ya cika. Saboda haka aka haƙa mata a can gefe, bayan shingen aduwa.