Na'urar Clarrie Ba Ta Yi Ƙarya Ba

Shekara ashirin da biyar Clarrie Dunstan bai taka ƙofar gidan Merv ba, sai ranar da ya dawo daga asibitin birni da tsohuwar na'urarsa a hammata.

Kai, da can su biyun nan ko barci ba ya raba su! A 1954, da kowa a garin Cloncurry ya haukace da neman ma'adinin yuraniyam, wata takwas suka yi a daji cikin wata kwararrabar jif. Shayi a gwangwani, burodi a toka, Merv na rera waƙa da muryar da ko ƙuda ba ya jurewa. Clarrie bai sake jin daɗin duniya irin na lokacin ba. Shi ke rataye na'urar a kafaɗa tana lilo a gefen cikinsa, in akwai ma'adini sai ta yi ƙyas-ƙyas. Ta kuwa yi ta yi a kan kowane dutse. Merv ya sayar da shanunsa suka kama filaye, masana suka zo suka auna, ko ƙwaya babu. A mashaya, gaban jama'a, Merv ya kira shi maƙaryaci. Kalmar nan ba ta daina cin Clarrie ba.

Ya tarar da Merv a baranda, ya yi furfura fat.

"Wa nake gani? Ashe ba ka mutu ba, tsohon banza?"

"Saura ƙiris. Riƙe wannan."

Merv ya karɓa yana harara. Ya nuna ta ƙasa, shiru. Clarrie ya jawo hannun Merv zuwa ƙasan nasa haƙarƙarin na dama, sai ga ƙyas-ƙyas-ƙyas.

"Lokacin yaƙi, da na ji rauni a ka, wata allura suka yi mini don jijiyoyi su fito a hoto. Likita ya ce ruwan bai taɓa fita ba, ya kwanta a hanta yana ci na, yanzu ya zama ciwon daji. Ruwan nan ne ke sa na'urar ƙyas-ƙyas, ba duwatsun ba, ni muka yi ta bi, Merv. Ban yi maka ƙarya ba."

Merv ya kashe na'urar. "Wata nawa suka ce?"

"Wai uku."

Merv ya ɗauki hularsa. "Tashi mu je mashaya. Gaban mutane na faɗa, gaban mutane zan janye."

"Haba, sakarai, waɗanda suka ji ai duk sun mutu."

Merv ya daɗe yana juya hular. "To in ka isa can, kai za ka gaya musu," ya ce.